Kada a Canza Komai

Ranar da ma'aikatan bincike suka shigo gidan Alhaji Inuwa da ke garin Ƙofa, abu biyu ne suka haɗu suka cuci Gwaggo Asibi. Na farko, ana ruwan sama. Na biyu, ita ce da girki.

Da ba a ruwa, da a waje za su same ta, gindin katanga, inda ta saba kafa duwatsun murhunta iska tana kwashe hayaƙin. Da kuma jiya suka zo ko gobe, da Hajiya Maijidda matar Alhaji za su tarar a bakin tukunya, ko surukarta Khairiyya, don su uku suke karɓa-karɓa. Amma sai suka zo a ranar, suka same ta tsugune cikin kicin ɗin nan mai rufin kwano, wanda magininsa ya manta cewa mutum ne zai shiga, bai bar masa ko 'yar taga ba.

Wata budurwa mai riƙe da faffaɗar waya ta tsaya daga bakin ƙofa tana kare hanci da gefen hijabi.

"Sannu da aiki, Mama. Ke ce mai girkin gidan nan?"

"Ga shi kina gani."

"A cikin ɗaki kike girki?"

"To a ina zan yi cikin ruwan nan, 'yar nan?"

"Da itace?"

"In an samu. In babu, kara."

Budurwar ta danna wayarta ta wuce gida na gaba. Asibi ta ci gaba da fifita wutarta, ba ta san an gama yanke mata hukunci ba.

Binciken na Mujitaba ne, autan Alhaji, wanda yake neman digirin dokta a wata jami'a a Kano. Tun bai samu ba garin ya riga ya ba shi, kowa Dokta yake ce masa. Shi ba likitan da zai duba ka ya rubuta magani ba ne. Aikinsa ya bi gari-gari ya auna dattin da ke cikin iskar da mutane suke shaƙa, ya ƙirga masu tari da masu ciwon ƙirji, ya nuna wa hukuma cewa wannan ne ya jawo wancan. Aiki ne mai kyau, ni ban taɓa cewa ba mai kyau ba ne. Ya zaɓi gidaje daga Bebeji har Kiru, daga Tudun Wada har Doguwa, ya ce kwamfuta za ta yi ƙuri'a. Rabi a ba su sabon murhu marar hayaƙi yanzu, rabi su ci gaba da yadda suke har shekara biyu, sannan a kwatanta ƙirjin waɗannan da na waɗancan. Nan da nan mutane suka raɗa musu suna, 'yan murhu da 'yan jira.

Gidan uban mai binciken ya faɗa cikin 'yan jira.

"Yanzu har gidan Sha'aibu mai faci an kai murhu, gidana ba a kawo ba?" in ji Alhaji, ransa a ɓace.

"Baba, ƙuri'a ce. In na sa hannu na canza, cewa za a yi na yi son kai, aikin gaba ɗaya ya lalace. Ai abin alfahari ne a ce har gidan su mai binciken yana jira kamar kowa."

Alhaji ya juya maganar a ransa, ya ga ta fi murhu daɗin faɗa a majalisa. Ya yarda.

Asibi ƙanwar Alhaji ce. Ita ta yi renon Mujitaba kafin ta yi aure a Tiga, da mijin ya rasu babu ɗa ta dawo gidan yayanta. Mujitaba ya same ta a tsakar gida, ya durƙusa ya gaishe ta, ya fito da wata 'yar na'ura mai igiya ya rataya mata a wuya.

"Laya ka kawo min, ɗan nan?"

"Na'ura ce, Gwaggo. Duk abin da kika shaƙa ita ma za ta shaƙa, ta aiko min a waya ina Kano. In iska mai kyau ce zan ga kore, in hayaƙi ne zan ga ja."

"To Allah ya ba ta haƙuri, don za ta sha."

Aka yi dariya. Sai ya miƙe ya dubi mutanen gidan gaba ɗaya. "Roƙona ɗaya ne. Kada a canza komai. Yadda aka same ku, haka za ku ci gaba har a gama."

Washegari girkin Khairiyya ne, matar Sadiq yayan Mujitaba. Hantsi ya ɗaga ba a hura wuta ba. Da Asibi ta leƙa ɗakinta, ta same ta a kwance tana danna waya.

"Gwaggo, ai ke aka rubuta," in ji Khairiyya. "In na shiga na girka, layar tana wuyanki a ɗaki, me za ta auna? So kike mu ɓata wa Dokta karatu?"

Asibi ta juya wurin Hajiya Maijidda. Hajiya ta gyara zama ta dafa gwiwa. "Ni dai da na haifi Auta ba za a ce ni na jawo masa faɗuwa ba. Kin ji abin da ya ce da kunnenki."

Tunda nake ban taɓa ganin matan da ilimin kimiyya ya shige su da sauri irin waɗannan biyun ba. Daga ranar girkin safe da na rana da na dare duk suka koma kan Asibi, har da ruwan wankan Alhaji. Ba ta yi musu ba. Mai zaman cin arziki a gidan ɗan'uwa ta san iyakar bakinta, ga shi kuma abin na yaron da ta goya ne.

Da damina ta wuce, sai ta kwashe duwatsunta ta mayar gindin katanga kamar yadda take yi kowace shekara. Ta samu ta ɗan sha iska, jan idonta ya fara washewa. Ba a cika mako ba waya ta yi ƙara a majalisar ƙofar gida. Alhaji yana da wata ɗabi'a, in dai Dokta ne ya kira sai ya buɗe sifika ya ɗora wayar a kan tabarma, don kowa ya ji yadda ɗansa yake magana.

"Baba, me ya faru a gida? Layin na'urar Gwaggo ya sauko. Kusan kore nake gani."

Malam Hamman, dattijon Bafulatanin da yake maƙwabtaka da su, ya ce, "To alhamdu lillahi. Koren ba shi ne lafiyar ba, Dokta?"

"Shi ne, Baffa, amma ba yanzu ba. An shigar da ita a matsayin mai girki cikin ɗaki. In ta fita waje lissafin ya rikice."

Malam Hamman ya daɗe yana kallon wayar. Alhaji kuwa ya zura takalmi ya shiga gida.

"Asibi, mayar da duwatsun nan ciki."

"Yaya, rani ne fa. Ko bara a waje na yi."

"Bara ana bincike?"

Ta mayar. Da yamma Dokta ya sake kira ya ce madalla, ja ya dawo.

A cikin na'urar akwai wata 'yar farar takarda zagayayya, girman murfin kwalba, wadda take tace hayaƙin. Lokaci-lokaci ma'aikata suna zuwa su cire ta su sa sabuwa. Ta sauran gidaje takan fito ruwan toka, ta Asibi kuwa baƙa ƙirin take fitowa kamar gindin tukunya. Wani ma'aikaci ya yi suɓutar baki ya ce a duk gidajen da suke zagayawa ba su taɓa ganin irinta ba. Ai kuwa Alhaji ya samu abin faɗa.

"Duk Bebeji da Kiru da Tudun Wada, har can Doguwa, babu kicin ɗin da ya kama ƙafar nawa," yake gaya wa baƙi. "Mu ne na ɗaya. Ku tambayi Sha'aibu mai faci da aka ba murhu, wa ya san da zamansa yanzu? Takardarsa fara fat take fitowa, ko kallonta ba a yi."

Ya roƙi a bar masa guda ɗaya ya ajiye a aljihu, aka ce ba a bayarwa. Sai ya ɗauki hotonta a waya.

Tarin ya fara ne kamar na kowa. Asibi ta sha citta da kanumfari, ta sha zuma, bai tafi ba. Ya koma mai zurfi, irin wanda yake naɗe mutum biyu ya bar shi yana laluben bango. In ya taso mata takan rufe na'urar da tafin hannu, a zatonta har tarin take kai wa Mujitaba, ita kuwa ba ta son ta ɗaga masa hankali yana karatu. Numfashinta ya fara wani sauti kamar na tsohuwar ƙofa. Daga kicin zuwa bakin rijiya sai ta tsaya ta huta.

A ɗakin Khairiyya akwai 'yar tukunyar gas ta kayan aurenta, da ita take dafa shayi da taliyar yara. Wata safiya Asibi ta tsaya a bakin labule.

"Khairiyya, ara min gas ɗin nan in dama koko kawai. Yau ƙirjin ya riƙe."

"Wallahi Gwaggo da na ba ki. Amma ranar da suka zo ba a faɗi gas ba. A wurin bincike gidan nan babu gas. Yaya za a yi ki dafa abu da abin da babu shi?"

Asibi ta kalli tukunyar, ga ta nan a zaune shuɗiya, da butar shayi a kanta tana tururi. Ta saki labulen ta koma ta hura itace.

Abu ɗaya ta taɓa roƙa da bakinta a gidan nan. Ta bari Alhaji ya gama cin tuwon rana, ta durƙusa daga gefe.

"Yaya, taga nake so a fasa min. Ko 'yar ƙarama ce, daga sama, hayaƙin ya samu hanya."

"Bangon nan titi yake kallo. So kike 'yan acaɓa su riƙa leƙo min iyali?"

"Daga sama na ce, Yaya. Sai dai in da tsani za su zo."

Sai Alhaji ya kira Dokta ya buɗe sifika.

Mujitaba ya san amsar gaskiya, ai karatunsa ke nan. A Kiru da Doguwa shi da kansa yake tara mata yana gaya musu abin da hayaƙi yake yi wa huhu. "Taga canji ce, Baba," ya ce daga ƙarshe. "Gwaggo, kina ji na? Ki ƙara haƙuri, an kusa cin rabi. Wallahi da an gama ni da kaina zan rushe kicin ɗin in gina miki na zamani, da taga ta ko'ina."

"Allah ya kai mu, ɗan nan," in ji ta.

Da damina ta zagayo aka ce manyan baƙi za su zo, malaman jami'a biyu da wata Baturiya daga cikin masu ɗaukar nauyin aikin, kuma gidan da ya zo na ɗaya suke so su gani. Alhaji ya sa aka share ƙofar gida. Hajiya ta ara wa Asibi sabuwar atamfa. Busasshen itacen da ke rumfa kuwa Alhaji ya ce a bar shi, ya aika aka saro ɗanye, don kada baƙi su taso tun daga Kano su tarar da hayaƙin bai kai yadda aka ba su labari ba.

Suka iso kowa da takunkumi a fuska, har Mujitaba. Malaman suka tsaya daga nesa suna gyaɗa kai. Baturiyar ce ta yi ƙarfin hali ta sunkuya ta shiga, ba ta daɗe ba ta fito da gudu, hawaye shaɓe-shaɓe, tana tari ana bubbuga mata baya. Aka kawo mata kujera da ruwan sanyi, Hajiya da kanta take yi mata fifita. Asibi tana ciki tana juya miya, babu wanda ya ce ta fito.

Da matar ta dawo hayyacinta ta yi tambaya da Turanci, Mujitaba ya leƙa ya fassara. "Gwaggo, wai me ya sa ɗakin ba shi da taga?"

Daga cikin hayaƙin muryar Asibi ta fito. "Gaya mata bincike ake yi."

Mujitaba ya juya ya yi Turanci mai tsawo, matar ta girgiza kai cikin tausayi ta rubuta. Khairiyya da ta yi sakandare ita ta ba da labari daga baya tana dariya, wai cewa ya yi al'adar mutanen nan ce, ba sa son taga, sai a hankali za a wayar musu da kai.

Bayan baƙi sun fita zaure cin abinci, Mujitaba ya zaunar da Asibi a inuwa, ya fito da wani bututu da ake hurawa don a auna ƙarfin huhu.

"Ja numfashi sosai, Gwaggo. Hura! Hura, hura, kada ki tsaya!"

Ta hura abin da take da shi, tari ya ƙwace sauran. Ya dubi lambar, ya dubi ta bara, fuskarsa ta canza.

"Na ci ko na faɗi?" ta tambaya tana share baki.

"Ba jarrabawa ba ce, Gwaggo."

"To gaya min gaskiya, tsakaninka da Allah. A karatun nan naka, wanne ya fi maka amfani, jan ko koren?"

Ya sunkuyar da kai. "Jan shi ne hujja. Da shi za a nuna wa gwamnati ta raba wa mata murhu. Dubban mata za su tsira, Gwaggo."

"Dubbai," ta ce, tana jinjina kai. "To ai shi ke nan. Je ka ci abinci kada ya huce."

Wannan magana ta dubban mata gaskiya ce, kuma ita ta fi ba ni haushi. Yaron nan yana iya tausayin matan da bai taɓa gani ba har idonsa ya kawo ruwa, amma wadda ta goya shi tana zaune a gabansa tana neman numfashi, ya mayar da bututunsa cikin jaka ya tafi cin shinkafa.

Ranar da Asibi ta yi tari aka ga jini a bakin zaninta, Malam Hamman ya samu labari wurin matarsa, ya tsare Sadiq a ƙofar gida ya ce in ba su kai ta asibiti ba shi zai kai ta. Kunya ta sa Sadiq ya ɗora ta a babur zuwa Bebeji. Malamin asibitin ya sa abin sauraro a bayanta, ya ce huhun nan ya sha hayaƙi ya ƙoshi. Ya rubuta magani, ya ce amma babban maganin a raba ta da hayaƙi kwata-kwata.

Da suka dawo aka yi zaman shawara a ɗakin Alhaji.

"Likita ya ce hayaƙi," in ji Alhaji. "Amma bai ce wanne ba."

"Gaskiya ne," in ji Hajiya. "Na kicin ai na bincike ne, masana suna kallonsa a waya dare da rana. Da yana da illa da Auta ya faɗa. Ni wanda nake zargi turaren wutar nan ne da take banka wa ɗakinta."

"Da maganin sauro na kunnawa," in ji Khairiyya.

A take aka zartar. Aka shiga ɗakin Asibi aka ɗauke kaskon turarenta, wanda shi kaɗai ne ɗan jin daɗin da ya rage mata, don da shi take korar ƙaurin hayaƙi daga kayanta. Aka ɗauke maganin sauron. Hajiya ta gaya wa matan maƙwabta cewa sun bi maganar likita sau da ƙafa. Asibi ta koma kicin da kwalbar maganin tari a gefen murhu, ga cizon sauro ya ƙaru a kan abin da take fama da shi.

Kaka ta yi, Alhaji ya zuba 'yan ƙwadago a gonar masara, abincinsu kuma daga gida. Aka fito da babbar tukunyar biki. Wani ruwan ƙarshe da aka yi ya jiƙa karan da ke waje, da shi Asibi ta hura wuta, da guntayen leda don ya kama. Matar Malam Hamman ta shigo ta ce bari ta kama mata tuƙi, Hajiya ta tare ta da fara'a ta ce a'a, an gode, ba a son hannu biyu a aikin nan.

Ƙaurin tuwo ne ya fito da Khairiyya daga ɗaki. Ba tarin ba, don tari an saba da shi, ba kuma shirun da ya biyo bayansa ba. Ta zo tana faɗin, "Gwaggo, tuwon nan fa yana kamawa," ta same ta a kife gefen murhu, muciya a hannu. Aka cicciɓo ta zuwa tsakar gida, inda rabonta da zama a iska da rana tsaka an daɗe. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Masu wanka suka cire na'urar daga wuyanta suka miƙo, aka rasa yadda za a yi da ita. Hajiya tana kuka ta ce a rataye ta a ƙusar cikin kicin, kada a canza mata wuri.

A lokacin Mujitaba yana Abuja, wurin wani babban taro da zai gabatar da sakamakon farko na aikinsa. Alhaji ya tara 'yan gida ya ce kada wanda ya kuskura ya gaya masa sai ya gama, kada a rikita yaro a gaban manya. Haka aka saba yi wa matafiyi, kowa ya ce daidai ne.

Gidan makoki kuwa ba a hura wuta. Maƙwabta suka yi ta shigo da kwanuka, wannan tuwo, wannan dambu, matan rugar su Malam Hamman suka kawo fura da nono. Kicin ya huce, hayaƙin da ya daɗe a ciki ya samu ya fice ta ƙofa.

Ranar sadakar uku da safe, ƙofar gida cike da mutane, liman ya ɗaga hannu ke nan zai fara addu'a, wayar Alhaji ta yi ƙara. Ya ga sunan Dokta. Hannu ya riga tunani, ya danna sifika ya ɗora a kan tabarma.

"Baba, barka da asuba. An gama taro lafiya, har tafi aka yi min." Muryar ta canza. "Amma Baba, wa ya taɓa kicin ɗin nan? Yanzu na buɗe na duba, kore shar nake gani tun shekaranjiya. Ko ɗigon ja babu! Na roƙe ku kada a canza komai, saura 'yan watanni fa. Gas ɗin Khairiyya aka ba ta, ko tagar kuka fasa? Don Allah a ce wa Gwaggo ta daure ta koma bakin murhunta yau ɗin nan."

Liman ya sauke hannunsa. Malam Hamman ya ja rawani ya rufe fuska.

"Baba? Kana ji na?"

Alhaji ya gyara murya. "Mu ba mu canza komai ba, Mujitaba. Yadda ka ce haka muka yi. Allah ne ya yi ikonsa."

Ikon Allah gaskiya ne, babu mai ja. Amma ba a sama aka hana fasa taga ba, a kan tabarmar nan aka hana, da wannan wayar.

Mujitaba ya iso da yamma. Ya yi kuka sosai, ya shiga kicin ɗin ya daɗe shi kaɗai, ya fito da na'urar a hannu. Ba na shakkar hawayensa. Da aka tambaye shi yanzu wa za a rataya wa, ya ce babu kowa. Tunda wadda aka rubuta ba ta nan, gidan ya fita daga bincike, su yi yadda suka ga dama.

Bayan sadakar bakwai kwanukan maƙwabta suka daina shigowa, dole wani ya dafa. Khairiyya ta ɗaura ɗankwali ta shiga kicin, ta hura wuta, ba a jima ba ta fito tana tari tana murza ido. Sadiq ya taso a fusace ya leƙa.

"Haba! Ɗan Adam zai iya girki a cikin wannan ramin? Baba, so ake a kashe min mata?"

Hajiya ta ce ita ma ta daɗe tana faɗa, ɗakin nan bai dace da mutum ba. Tukunyar gas ɗin da babu ita ta fito tsakar gida a ranar. Washegari da hantsi Alhaji ya aika aka kira Dikko birkila ya zo da gudumarsa, kafin azahar ya tattara kayansa ya tafi.

Tagar tana nan har yau, daga sama, ana ganinta daga titi in za ka wuce kasuwa. Ban taɓa ganin ɗan acaɓa ya leƙa ba. Na haɗu da Dikko kwanaki na tambaye shi ko aikin ya ba shi wahala. Ya ce wace wahala, bulo huɗu ne kawai ya cire.